Koren Biro

A ranar ƙarshe ta bitar, mai horarwa ta bi layi tana raba takardu, har ta iso kujerar baya, inda wani dattijo yake zaune shi kaɗai rungume da jakarsa.

Bitar ta kwana uku ce. Jami'a ce ta shirya wa malamanta, kan yadda ake duba aikin ɗaliban bincike. Yawancin waɗanda suka zo sababbin ɗauka ne. Shi kuwa shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki. Ɗalibai suna ce masa Koren Biro, domin duk kundin da ya tafi da shi gida yakan dawo gefen shafukansa cike da ƙananan rubutu kore, a tsare. A allo kuwa rubutunsa manya ne, a karkace. Yara sukan yi dariya su ce Malam a gida yake ajiye natsuwarsa. A da har rige-rige ake a shiga hannunsa.

Shekara biyu ke nan abin ya canja. Babi yakan yi wata huɗu a wurinsa, ya dawo da 'yar takarda da aka buga da na'ura: a sake dubawa. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce ido, wasu suka ce tun rashin da aka yi masa bai koma daidai ba. Ɗalibai uku suka kai ƙara. Shugaban sashe ya kira shi ofis, ya kasa haɗa ido da shi.

"Malam, don Allah ka je bitar nan. In ka fito da takardar shaida, ɗalibanka bakwai suna nan a hannunka. In babu, majalisar jami'a za ta raba su ga wasu malamai. Ba yadda zan yi."

Ya zo. Kwana biyun farko a kujerar baya ya yi su.

Mai horarwar tsohuwar ɗalibarsa ce. Ta haska wani shafi a jikin bango, daga kundinta na shekarun baya, ta karanta abin da ke gefe da ƙarfi: "Nan kin ji tsoro, kin ɓuya a bayan maganar wasu. Fito ki faɗi taki." Ta juya shafi. "Wannan sakin layin sau biyu na karanta shi, don daɗi kawai." Ta sake juyawa. "Kin gaji a nan. Ajiye, ki ci abinci, ki dawo."

Wani matashin malami ya ce, "Ni da malamina ya rubuta mini ko rabin wannan, da sanƙo bai riga digiri zuwa ba!"

Aka yi dariya. Ta jira aka lafa, sannan ta ce a lokacin da aka rubuta mata waɗannan kalmomi saura kaɗan ta bar karatun. Ta ce mai rubutun yana cikin ɗakin nan. Kowa ya waiwaya baya, aka ɗauki tafi. Dattijon bai ɗago ba. Idonsa yana kan kwafin shafukan da ta raba, wanda ke gabansa, yana bin rubutun da ɗan yatsa a hankali, layi bayan layi.

Sai gwajin ƙarshe. An ba kowa babi ɗaya na wani ɗalibi, da awa guda, ya rubuta gyara da hannu. Da ta zo wurinsa, ta ajiye masa sabon biro kore tana murmushi.

Ya karanta babin. Ya sake karantawa. Ya san akwai inda aikin ya karye, yana ji a jikinsa, amma bai san abin da ake faɗa wa yaro a irin wannan wuri ba. Ya cire murfin biron, ya mayar. Fanka tana juyawa a sama, takardu suna motsi, kujeru suka fara ƙara. Da awa ta cika, ɗakin ya watse, shafinsa fari fat.

Ta zo ta durƙusa kusa da shi.

"Malam, rubuta ko layi biyar ne. Ni zan sa hannu a takardar. Wa zai tambaye ni?"

"A'a, 'yata. A ba su wanda zai karanta musu. Yaran nan sun jira da yawa."

"Ɗalibai bakwai fa, Malam. In suka tafi ba za a sake ba ka wasu ba."

"Na sani." Ya tura mata biron. "Abu ɗaya nake roƙo. Kundin naki, na asalin, ko za ki bar mini?"

Ta dubi jakarta. Duk garin da ta je koyarwa da shi take tafiya. Amma ta buɗe jaka, ta miƙa masa da hannu biyu.

Bai tsaya sallama da kowa ba. Ya sauka matakala a hankali, ya sami benci a bakin baranda, ya buɗe shafin farko a kan cinyarsa. Shekara biyu yana binciken gida, akwati da durowa da ƙarƙashin katifa, bai sami ko layi ɗaya na rubutun hannun matarsa marigayiya ba. Duk abin da ta taɓa rubutawa yana gidajen ɗalibansa, da koren biro, a gefen kundayen da shi sa hannu kawai yake yi a shafinsu na ƙarshe.