Babin Ƙaninta

Da saurayinta ya buɗe littafinsa gaban manyan soji a zauren taron Yamai, sai ta gyara zama. Tun da ya samu tallafin rubuta tarihin ƙasa, ita ke ba shi labarin shekarar fari, a bakin kogi a unguwar Gamkalle, tana kuka yana rubutawa: yadda suka taso daga ƙasar Tawa a ƙafa, yadda uwarsu ta tona gidan tururuwa neman hatsi, yadda ƙaninta ya cika a bayanta suna jiran kamiyo, babbar motar kayan taimakon da aka karkatar zuwa kasuwa.

"Ƙanwata, wallahi sai duniya ta ji," haka yake ce mata.

Ya fara karatu da muryar nan da ta sace mata zuciya. Ga tafiyar, ga tururuwar, ga yaron a goye. Sai ga kamiyo ya iso kan lokaci! Wani kumandan soji da kansa ya ɗura wa yaron kunu, yaro ya buɗe ido yana murmushi.

Zaure ya ɗauki tafi.

"Ke, tafa mana!" Matar kusa da ita ta zungure ta. "Ba angonki ba ne?"

Ta dubi hannuwanta. Su ne suka rufe wa yaron ido a bakin hanya, ga shi yau ana so su yi tafi.