Jinkar Da Ta Yi Yawo a Gari

Kai da aka ba shugabancin ƙungiya jiya-jiya, har ka fara cewa za ka juya komai kafin mutane su farga, matso ka ji.

A wani ƙauye aka naɗa sabon mai unguwa, mutum mai kai, wanda ya taɓa zuwa cirani birni ya dawo yana ganin kowa kamar ɗan tsako. Unguwar tana da rumbun taro a kwari, inda kowane gida ke zuba gero don ranar yunwa. Ya duba ya ga gara ta cinye gindin rumbun, ruwan damina kuma can yake kwanciya. Gaskiyarsa, wurin ya mutu. Sai dai ya san mutanensa: in ka kawo shawara a dandali, kowa ya zama malami, musamman Baba Jatau, tsohon da ke iya yin gardama da inuwarsa. Saboda haka ya ja bakinsa ya yi gum. Ya gina sabon rumbu a tudu, bayan gidansa, kowa ya ɗauka nasa ne. Ranar kasuwa da gari ya watse, ya yi hayar jakuna ya kwashe geron jama'a kaf ya kai can. Saura rufi. Ya kira gayya aka ɗinka jinka sabuwa a ƙasa, katuwa, kowa na ɗaure ciyawa yana zaton ta tsohon rumbu ce. Dabararsa ita ce, mutum in ya shiga ƙarƙashin jinka ya ɗauka, ba ya ganin komai sai ƙafarsa da ƙeyar na gabansa. Shi zai tsaya a waje ya tuƙa su da murya, sai dai su buɗe ido su gan su a tudu. Ya yi ta murmushi shi kaɗai, yana cewa a ransa ai shugabanci ke nan.

Ranar ɗauka hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Majiya ƙarfi suka shiga, aka yi bisimilla, jinka ta tashi. Mai unguwa ya daka tsawa: "A yi tudu!" Na gaba suka ji, suka yi tudu. Na baya kuwa ƙafarsu ta san hanyar kwari tun suna yara, suka ja kwari. Jinka ta tsaya tana juyi a tsakiyar hanya kamar kunkurun da ya sha giya. Ya ƙara tsawa, ta yi gefe ta rushe dangar wata tsohuwa, awaki suka fice. Ya zagaya ya yi ihu ta ɗaya gefen, ta dawo da baya ta ture kaskon mai ƙosai. Iska ta shiga ƙarƙashi ta fara ɗaga ta. Can Baba Jatau ya leƙo da kai, ciyawa a gemu.

"Ranka ya daɗe, ina za ka kai mu?"

"Baba, ku dai bi muryata."

"Muryarka ce rumbun? Samari, a sauke!"

Aka dire ta a tsakar hanya, tim. Ɗigon farko ya faɗo wa mai unguwa a tsinin hanci, ya tuna gero na can a buɗe, bakinsa ya kuɓuce: "Geronku fa yana tudu!"

Baba Jatau ya kakkaɓe gemu ya ce, "Madalla. Gwanin da ya kai gero shi kaɗai, ai ba zai rasa kai jinka ba." Jama'a suka koma gindin wata tsamiya suka tsuguna.

Girman kai ya hana shi roƙo. Ya tuɓe babbar riga, ya tofa yawu a hannu, ya cusa kafaɗa ya ɗaga gefe guda. Ta ɗagu ɗan kaɗan, ya kutsa ciki don ya sami tsakiya, sai ta dawo ta kife shi ruf, kamar kazar da aka rufe da kwando. A cikin duhun nan, ga ƙaiƙayin ciyawa, ga tsawa na rugugi, mutumin da ya ƙi yin bayani a dandali ya yi shi da ƙarfi har maƙwabta na ji. Ya faɗi gara, ya faɗi ruwan kwari, ya faɗi jakuna, ya ce in da mai wata shawara don Allah ya kawo.

"Kun ji?" in ji Baba Jatau. "Ashe yana da baki. Garar nan ai duk mun gan ta, tambaya ce ba a yi ba."

Suka tashi suka kama. Wannan karon ba wanda ya yi tsawa, don kowace ƙafa ta san inda za ta. Suka haura tudu a guje, mai unguwa na ciki yana sassarfa kada a taka shi. Suka ɗora, amma ruwa ya riga ya jiƙa geron sama. Aka yanke cewa shi zai shanya, ya wuni a rana da sanda yana korar kajin unguwa, masu wucewa na yi masa sannu da mulki.

Shawararsa daidai ce, ya ɓoye ta ne ga waɗanda za su ɗauke ta a kafaɗa. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.