Akwatin Katunanta

Ranar Alhamis, kwana tara da binne matarsa, ya ɗauki akwatin katunanta masu zanen dodanni, ya hau benen wani shago a Nairobi inda take wasa duk mako. Shekara shida yana mata dariya. Yau ya zo sanar da rasuwarta.

'Yan wasan suka zaunar da shi, suka lallasa shi a wasan kati sau uku.

Wani daga cikinsu ya ce, "Mzee, dattijo, kati ne, ba gurasar chapati ba. Daina lanƙwasa shi!"

Wata budurwa ta ƙura wa katunan ido. "Kai, na Mama ne! Har aro ta ba ka? Nemi aurenta mana. Ta ce mijinta ya mutu tuntuni."

Shago ya kece da dariya. Bai samu ya ce musu shi ne mijin ba.