Ɓarawon Dankalin Dakta Barrenechea

Wa ya aike ku tambayar ɓarawon da kawunku ya kai ƙara? Yaro da baki kamar rariya. To tunda kun tono, ku zauna, kuma wanda ya katse ni shi zai wanke tukwane gobe.

Kawunku Edilberto tun da ya zama malamin jami'a a nan Cusco ya sa aka buga masa allon tagulla a ƙofar ofis: Dakta Edilberto Barrenechea H. Ubansa bai bar masa komai ba sai dogon suna da dogon hanci, shi kuwa ya riƙe su biyun kamar gadon sarauta.

Aikinsa binciken wani dankalin kan dutse ne da sanyi ba ya kashewa. Ya taɓa fitar da maƙala ɗaya a mujallar Turawa, wadda suka ce sai ya ba su suna yadda yake a fasfo, ba ragi. Da ta fito ya sa shafin farko a gilashi ya rataye a falo, inda hoton aurensa yake a da. Amma kujerar farfesa ba ta samuwa da guda ɗaya. Sai ya fitar da ta biyu kafin kwamiti ya zauna, in ba haka ba a ba wani.

Ya rubuta ta biyun a kan tsohuwar, kamar mai ɗora bene. Dokar masu mujalla ita ce alƙalan da za su duba aiki kada su san mai shi. Saboda haka ya goge sunansa, ya goge duk inda ya ambaci aikinsa na baya, ya tura. Daga nan ya koma duba kwamfuta kamar mai jiran haihuwa.

Amsa ta zo ana cin abincin rana. Ya karanta a waya, cokali ya tsaya a iska. Alƙali ɗaya ya ce aiki ya yi kyau, sai dai rabinsa na wani ne. Wani Huamán ya riga ya yi shi, kuma marubucin nan ya kwashe masa ba ko na gode.

"Huamán? Wane Huamán?" in ji shi. "Ƙasar nan Huamán sun fi dankali yawa. Daga ji ka san jikan makiyaya ne da ya tsinci alƙalami a hanya."

Matarsa Zoila ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ni kuwa ina gefe ina fere dankali, wuƙar dai ta ƙara sauri.

"Edi, ka nemo aikin mutumin ka karanta mana," in ji Zoila.

"In karanta abin da aka sace min? In ɓarawo ya sa rigarki, sai kin gwada ta kafin ki san taki ce?"

Ya fara lissafin maƙiya. Ya tuna taron da ya yi jawabi a birnin Arequipa, inda wani mai gemu a layin gaba ya yi ta rubutu. Ya daina gaisawa da Dakta Ccori na ofishin kusa, don ya taɓa ganinsa yana leƙen gonar gwajinsa. Ya sa wa gonar kwaɗo. Shayin ganyen koka ma sai ya shinshina kafin ya sha.

Sannan ya zauna ya rubuta wa editan mujallar ƙara mai zafi. Ya ce shi ne uban wannan bincike, kuma ko bai gani ba ya san aikin Huamán ba zai wuce kwaikwayon biri ba. Ya nemi a janye shi, a kunyata mai shi a idon duniya. Ya karanta mana da ƙarfi a tsaye, yana gyara wuyan riga.

"Mama, ya kika ji?"

"Ni ban yi boko ba," na ce. "Amma ban taɓa jifan kare ba sai na duba ko na gidanmu ne."

Ya yi dariya, ya tura.

Editan mace ce mai haƙuri. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce ga maƙalar Huamán nan ta haɗo masa, ya duba ya nuna mata inda aka yi satar, ita kuma za ta hukunta.

Kawunku ya buga ta a takarda, ya ɗauko jan biro, ya zauna a falo yana murmushin mafarauci. Ya karanta layin farko. Ya karanta na biyu, bakinsa na riga idonsa. Sai ya ɗaga kai a hankali ya dubi shafin da ke cikin gilashi a bango, ya dubi takardar, ya sake duban bango. Jan biron ya faɗi, ya gangara har gindin kujerata.

Kujerar farfesa ya same ta, bayan ya rubuta wasiƙar ban haƙuri mafi gajarta a rayuwarsa. Allon tagulla ma an sake bugawa, ya ƙara tsawo.

Mu nan sunan uba ke gaba, na uwa ke biye. Turawa kuwa daga wutsiya suke kama suna, abin da ya zo ƙarshe shi ne mutum a wurinsu. Ku da ba ku san ni da komai ba sai Kaka, ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta. Ɓarawon ni na haife shi, kuma wannan H ɗin da ya yi shekaru yana matsewa a ƙarshen allo, ni ce, Felícitas Huamán.