Gwangwanin Kirfar Dona Graciete

Dona Graciete ta gatsa fastel na tara a ranar, ta taɓe baki, ta ture farantin.

"Ba shi ba ne, Albano. Wannan ai soso ne."

Albano bai ce uffan ba. Dama shekara arba'in da shida da aurensu, ita ce mai magana.

Alkawari ta ɗaukar masa: za ta mayar da shi shagon nan na Lisbon inda suka ci fastel, wannan waina ta ƙwai da madara, a satin aurensu. Sunan shagon ya ɓace mata, haka titin. Abin da ta riƙe kawai shi ne ɓawon ya ɗan ƙone ta gefe guda, kuma mai shagon ba shi da kunya. Ga shi ranar Juma'a ɗansu zai zo ya tafi da uban inda ya tanadar masa, wuri mai tsabta da furanni.

Sun taso daga garinsu Viseu ranar Talata, ko Laraba ce, oho. Kujera ɗaya ta rage a jirgin ƙasa, ta kuwa ishe su, don Albano bai taɓa cin wuri ba.

Kowane shago ta shiga, biyu take sa a kawo. Sai ta ciro tsohon gwangwanin kirfa daga jaka, ta girke shi kan tebur, ta ci nata. Na Albano a nan ake barinsa.

Ranar Alhamis da la'asar, ƙafafunta sun kumbura, ta faɗa wani ɗan shago a bayan kasuwar kifi don kawai ta zauna. Aka kawo biyu da zafinsu. Gefe guda a ƙone. Ta gatsa, ɓawon ya ce ƙaras, idanunta suka ciko.

"Mun iso, tsoho."

Ta tashi ta nemi inda za ta wanke fuska.

Mai shagon, Belmiro, ya gaji tandar ubansa, ya gaji halinsa. Da ya hango baƙon gwangwani a teburinsa sai ransa ya ɓaci. A Lisbon kowa na barbaɗa kirfa a fastel, amma zuwa da taka daga gida zagi ne. Ya ɗauka, ya zazzaga a kan na biyun, ya cusa rabi a baki.

Tana dawowa ya tare ta, yana tauna.

"Baiwar Allah, wannan kika fifita a kan tawa? Ba ƙamshi, ba ɗanɗano, sai tsakuwa a haƙori!"

Dona Graciete ta dubi gwangwanin, ta dubi bakinsa, ta koma ta zauna a hankali.

"Haka yake tun yana da rai," in ji ta. "Haɗiye, ɗana. Tokar mijina ce, kuma dama wasiyyarsa a bar shi a shagon nan."