Kafin Jifa Ta Gaba

Ƙwallon ta daki yarinyar a yatsu, ta faɗi ta gangara. Mai jifa ta tako ta ɗauka, ta taɓa yarinyar da ita. Wendell Pruitt ya ɗaga hannu tun bai yi tunani ba.

"Kin fita! Hannu ai sanda ne."

Ya daɗe yana alkalancin wasan softball na 'yan mata, wanda ake jefo ƙwallo a buga da sanda, a wannan yanki na Oklahoma, kuma ba a san shi da janye magana ba. Yau wasan ƙarshe ne, wanda ya ci shi ke da kofi. Marla, wadda ya fitar, ba ta yi gardama ba. Ta riƙe yatsunta ta juya, tana tafiya a hankali kamar mai lallaɓa gwiwa.

Ya laluba aljihu zai ɗauko ɗan buroshin da yake share wurin tsayuwar mai bugu. Bai same shi ba. A nan ne ya tuna.

Hannu ba sanda ba ne. Maganar bakin fili ce kawai, babu ita a littafin doka. Yarinyar ba ta kai bugu ba, ƙwallo ce ta same ta, don haka wucewa zangon farko, matakin farko na neman maki, haƙƙinta ne.

Ya san ƙa'idar kamar yadda ya san addu'ar cin abinci. In idon alkali ne ya gaza, an wuce wurin. In doka ce ya ɗora a inda ba muhallinta ba, yana da damar gyarawa, amma kafin jifa ta gaba ta bar hannun mai jifa. Tana bari, kuskuren ya zauna ke nan, sai dai a haɗu gaban Ubangiji.

Ya kuma san abin da iyaye za su ce in ya dawo da wannan yarinya, ita musamman. Ya kasa kunne ya ji ihunsu. Shiru, sai kukan tsuntsaye.

Tanisha, mai jifa, ta duba agogon hannunta.

"Alkali, in jefa ne? Rana na gasa ni, ga miyar kaza can tana hucewa."

Yaran yanzu ba kunya, ya ce a ransa. Marla ta kusa kaiwa benci. Tanisha ta ja ƙafa baya, ta fara wulwula hannu, a hankali ƙwarai, idonta a kansa.

Hannun ya kai sama. Ya fara saukowa.

"Tsaya."

Da ƙyar muryar ta fita, amma hannun ya tsaya cak.

"Marla, dawo. Ni na yi kuskure. Je ki zangon farko."

"Ka tabbata, Alkali? Kar fa a ce ka yi son kai."

"Su ce. Na karanta dokar nan tun ba a haife ki ba. Wuce."

Ta wuce, ta tsaya a kan zangon, kusa da shukar furanni. Ya daɗe yana kallonta.

"Na riga jifar?"

"Ka riga ta," in ji Marla. "Da tazara ma."

Ya sauke numfashi, ya rufe ido. Tanisha ta jefa ƙwallon a aljihun rigarta ta aikin jinya, ta kama keken marasa lafiyan da yake zaune a kai, ta tura shi ɗakin cin abinci.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ranar da jifar ta riga shi, kofi ya tafi, Marla ta ajiye sanda ba ta sake ɗauka ba. Shi ya sa duk Lahadi bayan coci, Marla, da furfurarta, take zuwa lambun gidan tsofaffi ta miƙa yatsu ƙwallo ta dake su, don mahaifinta ya gyara abin da kafin gobe zai manta ya gyara.