Darasin Gwaji a Ɗaki Na Sha Biyu

Tun a cikin bas Baban Biyu yake murmushi shi kaɗai, har wata tsohuwa da ke gefensa ta janye jakarta ta matsa. Bai ga laifinta ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da kimiyya a aji mai yara tamanin da tsagaggen allo, yau kuma ga shi a ƙasar waje, cikin kwat ɗin da yayansa ya ara masa, zai fara aiki a makarantar da 'ya'yan ƙasashe daban-daban ke karatu.

Sai dai aikin bai gama zama nasa ba. Wasiƙar ta faɗa ƙarara: Litinin, ƙarfe takwas, ɗaki na sha biyu, darasin gwaji. Shugabar makaranta za ta zauna ta kalla, abin da ta gani shi zai sa a riƙe shi ko a mai da shi gida. Bai taɓa ganinta ba, da wani wakili aka yi duk maganar a waya.

Yana bakin ƙofar makarantar, sai matarsa ta kira shi a waya, tagwayensu na ta ihu a bayanta.

"Baban Biyu, don Allah ka rage rawar kai. Kuma ban da wannan faɗan naka."

"Ni? Yau ai sai dai ki ji labari!"

Harabar tsit, ko ƙararrawa bai ji ba. A tsohuwar makarantarsa tun daga bakin titi ake jin hayaniyar yara. Ya jinjina kai ya ce a ransa, ka ga inda ake tarbiyya.

Ɗakin kuwa ya fi abin da ya yi mafarki. Kujeru masu taya, farin allo, famfo a kowane tebur. Ya buɗe guda, ruwa ya zo. Ya rufe, ya sake buɗewa, don daɗi kawai.

Sai ga 'yan ajin sun fara shigowa, su ashirin, duk cikin shuɗiyar riga mai tambarin makaranta. 'Yan ajin ƙarshe ne, haka ya yanke. An gaya masa yaran nan akwai girman jiki, amma bai zaci har da gemu ba. Abin da bai yi masa ba shi ne kowa da kofin shayinsa a hannu.

"A ajina ba a shan shayi," ya ce. "Kowa ya kai nasa taga."

Suka kalli juna, suka tashi suka jera kofunan, wani mai gemu yana toshe baki. Biyayya kamar me! Baban Biyu ya ji kansa ya ƙara girma.

Ya shiga darasin ƙarfin iska, darasi ya yi ta zuba kamar an kunce buhu. Kafin ya rufe baki a tambaya, hannaye sun tashi. Da ba don kwat ɗin aro ba ne, da ya yi tsalle. Abu ɗaya ke ci masa rai: kujerar da ya tanadar wa Shugaba a baya har yanzu ba kowa.

Takwas da kwata ƙofa ta buɗe, ya juya da sauri yana zaton Shugaba ce. Ashe wata 'yar gajera ce cikin shuɗiyar riga, rungume da littafi, tana sanɗa zuwa kujerar baya.

"Ke! Wannan kujerar Shugaba ce. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Yi haƙuri, Malam, tsare ni aka yi a..."

"Mai son karatu ba a tsare shi. Zo nan gaba."

Mai gemu ya sarƙe da tari. Ta taho sumui-sumui. Tunda ta makara, da ita za a yi gwajin. Ya zaunar da ita, ya cika kofin gilashi da ruwa taf, ya rufe bakinsa da kwali, ya kife shi a saman kanta, sannan ya janye hannun da ke tallafe da kwalin. Ta runtse ido. Ruwan ya tsaya cak, ɗigo ɗaya ne kawai ya sauka a hancinta.

Tafi ya ɓarke. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Malam, in kwalin ya jiƙe fa?"

"Sai ki yi wanka."

Aji ya fashe da dariya, har da masu dukan tebur. Ita ma ta yi dariya har da hawaye, ta koma gefe tana rubutu a littafinta. Ya ce a ransa, yarinyar ba laifi, makara ce kawai ta yi mata yawa.

Da lokaci ya cika, murnar ta zube masa gaba ɗaya. Darasin da bai taɓa yin irinsa ba a rayuwarsa, wadda aka yi dominta ba ta gani ba. Ya tuna matarsa, ya tuna yayansa, tsoro ya kama shi sosai. Ya ƙudura zai je ya roƙi a ba shi wata dama. Mai gemu ne ya raka shi har ƙofar ofis, har da dafa masa kafaɗa, don rashin kunya.

Ya ƙwanƙwasa, aka ce ya shigo. Ya shiga kansa a sunkuye.

"Ranki ya daɗe, na yi darasin, sai dai ba ki samu zuwa ba. In da hali..."

Ya ɗaga kai. A bayan babban teburin 'yar gajerar nan ce zaune, ta nuna masa kujera tana danne dariya ta ce, "Zauna, Malam, yara sai jibi za su dawo hutu, amma malamaina duka ashirin sun ce kada in kuskura in sake ka."